Ranar da Maazou Ya Tsayar da Baƙo Shan Shayi

Duk wanda ya zauna cikinmu a Greensboro ya san Malam Maazou, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin Maraɗin nan mai farar mota, wanda idan aka ce walimar suna da azahar, tun hantsi yana bakin ƙofa yana jiran masu gida su gama wanka. Mata har kuka suke da shi, don yakan same su tukunya ko tafasa ba ta yi ba. Mutane suna cewa Amurka ce ta shige shi. Ni Oumou na san ba haka ba ne, domin gidansu yana kallon namu a unguwar Glenwood, matarsa Tchima kuma ƙawata ce tun muna 'yan mata. Na san Maazou tun lokacin da ba ya ɗaura agogo sai don ado.

Ya zo ƙasar nan kafin shekarar dubu biyu, lokacin da 'yan Nijar suke ta kwararowa garin, kowa yana bin ɗan'uwansa. Da safe yana loda kujeru da gadaje a wani sito, da yamma yana kai mutane filin jirgi da motarsa. Ba ya shan taba, ba ya faɗa, ba ya shiga maganar da ba tasa ba. Abu biyu ne suka mallake shi, shayi da silima. Tchima takan ce da za a ba shi zaɓi tsakaninta da butar shayinsa, sai ya nemi a ba shi kwana biyu ya yi tunani. Silima kuwa tun yana saurayi a Maraɗi ya kamu da ita, a gidan kallon nan marar rufi, inda in ruwa ya sauko kowa ya ɗora rigarsa a ka a ci gaba da kallo.

A ajin koyon Turanci na ɗakin karatu ya haɗu da Misis Pegram, wata tsohuwar malamar makaranta, 'yar ƙarama, mai saurin tafiya kamar ta bar abu a wuta. Ita da wasu ƙawayenta ne suke shirya bikin fina-finan Birtaniya da Ireland duk watan Maris, kwana uku, a wani tsohon gidan silima kusa da jami'a. Babu wanda ake biya ko sisi. Wani likitan haƙori ne yake sayar da tikiti, ɗalibai su yi shara, wata mata daga Sedgefield ta gasa kek ta kawo, wani dattijo ya taso tun daga Pleasant Garden da tsaninsa don ya rataya ƙyallen sanarwa. Abin da suka rasa shi ne mai mota da zai riƙa ɗauko baƙi. Misis Pegram ta faɗa a aji, Maazou ya ɗaga hannu kafin ta rufe baki.

Ya sha tsiya a wurin abokansa, ba kaɗan ba. Zabeirou, wanda suke aiki tare a sito, ya ce bai taɓa ganin wanda ya ƙetare teku don ya yi wa Nasara aikin gayya ba, a ƙasar da ko atishawa ka yi sai an turo maka takardar biya. Maazou dariya kawai yake yi. Ya ce fina-finan mutanen nan sun fi kama da gida: ruwa yana zuba, mutane suna zaune a ɗaki suna shan shayi, kowa yana jin haushin ɗan'uwansa amma ba mai faɗa. Ya ce wallahi gidan mahaifinsa ke nan sak, in ka cire ruwan saman.

Shekara biyu ya yi yana wannan hidima lafiya lau. A ta uku, wato 2004, aka ba shi baƙon da ya sauya shi.

Sunansa Fintan, tsoho ne da ya haura saba'in, daga wani ƙauye a yammacin Ireland. Ba ɗan fim ba ne, direban motar madara ne da ya yi ritaya. Tun yana ango ya sayi wata 'yar kyamara, ya yi ta ɗaukar matarsa Bridie har tsufansu: tana shanya, tana korar shanu daga lambu, tana yi masa faɗa ya ajiye abin nan ya zo ya ci abinci. Bayan ta rasu, jikarsa da take karatun fim ta harhaɗa guntattakin, suka zama fim ɗin da bai kai rabin awa ba. Ta aika wurare da yawa a ƙasarsu, babu wanda ya karɓa. Da ta aiko nan, Misis Pegram ce ta gani, ta yi kuka, ta ce lallai a zo da mai shi. 'Ya'yansa suka haɗa masa kuɗin jirgi.

Ranar Juma'a Maazou ya ɗauko shi. A hanya tsohon ya gaya masa abin da ya kawo shi. Ya ce shi ba tafi ya zo nema ba. Tun da aka haɗa fim ɗin, a ƙaramar talabijin ɗin ɗakinsa kawai yake ganinsa.

"A cikin akwatin nan ba ta wuce tafin hannuna ba," in ji shi. "Alhali babbar mace ce, in ta tsaya a ƙofa sai ta cika ta. So nake in sake ganinta da girmanta, ko sau ɗaya ne."

Maazou ya dawo gida ya ba mu labari idonsa jawur. Nan take ya yanke hukunci cewa irin wannan mutum ba za a bar shi da abincin otal ba. Baƙonka Annabinka, balle tsohon da ya ƙetare teku saboda matarsa. Washegari Asabar ne za a nuna fim ɗin da ƙarfe huɗu, don haka sai a yi masa abincin rana a gida. Ya gaya wa Misis Pegram, ta yi murna ƙwarai, ta ce dai su iso kafin lokaci. Ya ce mata babu damuwa.

Ni da Tchima muka tashi tun asuba. Muka yi dambu da busasshen zogalen da aka aiko mata daga gida, muka yi shinkafa da miyar rago, aka fito da kilishin da ake ta ɓoyo saboda babbar rana. Labari kuwa ya zaga, ka san mu. Zabeirou mai tsiyar nan shi ya fara zuwa da babbar riga, sai wani abokinsu Amadou, sai maƙwabcinmu Abdul-Ganiyu mutumin Gana, kowa ya zo ganin Baturen da ya yi wa matarsa fim. Tsohon ya ga takalma jere a bakin ƙofa, ya cire nasa ba a ce masa ba, ga safarsa da huda a babban yatsa. Kowa ya gaishe shi, ya tambayi hanya, ya tambayi mutan gida, ya yi masa ta'aziyyar matar da ta shekara biyar da rasuwa, Maazou yana fassara. Tsohon ya ajiye cokali ya ci dambu da hannu. Yaji ya sa shi hawaye, bai daina ba. Tun a nan muka fara ce masa Baba Fintan.

Da a nan aka tsaya, da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Sai Maazou ya fita barandar baya ya hura gawayi.

Wanda bai san shayin mutanenmu ba, ba abu ba ne da ake kurɓa a tsaye. Dahuwa uku ake yi a 'yar buta, ta farko mai ɗaci, ta biyu ta sassauta, ta uku mai zaƙi, kowace sai ta ɗauki lokacinta a kan garwashi. Ana ɗaga buta sama ana tsiyayawa, ana juyewa daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi. Wanda ya sha na farko ya miƙe, kamar ya ce wa mai gida hirarsa ba ta da daɗi ne. Maazou kuma ba ya yarda a yi wa shayinsa gaggawa, ranar kuwa so yake ya nuna gwanintarsa duka. Wayarsa tana cikin mota, don a wurinsa rashin ladabi ne waya ta yi ta kuka a gaban baƙo.

Bayan kofin farko, tsohon ya dubi agogonsa. Ya tambaya a hankali, kamar mai neman gafara, ko gidan silimar da nisa.

Maazou ya ce, "Ga shi nan kusa, Baba. Kwantar da hankalinka. Kai ne babban baƙo, ba a fara taro sai ka zo."

Ba ƙarya ya yi ba, har zuciyarsa haka ya ɗauka. Mu a inda muka tashi, wa ya taɓa fara taro babu babban baƙo? A ce masa tara, ya zo sha biyu, makaɗa suna jira, jama'a suna jira, ba wanda zai ga laifinsa. Girma ma shi ne ka shigo a ƙarshe, wuri ya cika, kowa ya miƙe. Abin da Maazou ya so wa tsohon ke nan. Shekara biyun da ya yi yana kai baƙi, daga otal yake ɗauko su lokacin da aka ce masa, ya ajiye su ya tafi neman wurin fakin, bai taɓa ganin abin da ake yi in ba su zo ba.

Baba Fintan ya gyaɗa kai. Ya ɗauka direban biki ya fi shi sanin tsarin biki. Ga Tchima ta durƙusa ta miƙa masa kofi na biyu da hannu bibbiyu. Daga baya muka ji ashe a ƙasarsu ma abin kunya ne a ba ka shayi ka ƙi. Kunyarmu ta haɗu da tasu, aka rasa mai cewa a tashi. Ya sha na biyu, ya sha na uku, ya ce bai taɓa shan irinsa ba.

Mota uku muka yi don rakiya, mata mun sha shadda da ɗauri. Muna isa bakin gidan silimar muka ji tafi daga ciki, raf raf raf, ba ƙaƙƙautawa. Na ga Maazou ya yi murmushi ya gyara wa tsohon wuyan kwat, a zatonsa an hango su ne. Sai ƙofa ta buɗe, mutane suka fara fitowa suna share ido.

An gama. Misis Pegram ta yi ta kiran wayar da ke cikin mota har ta gaji. Ta jinkirta iya abin da za ta iya, amma ɗakin haya ne na awoyi, ga masu jiran fim na gaba sun yi layi har titi. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi Maazou kawai ta kira sunansa sau ɗaya. Ya sha gaya mini cewa da marinsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Mutane suka gane tsohon, suka kewaye shi. Wannan ta ce matarsa kyakkyawa ce, wancan ya ce ya yi dariya har ya ƙware inda ta jefi kyamara da tsumman goge kwano. Yana ta ba su hannu yana godiya, ɗaya bayan ɗaya, har suka ƙare. Sannan ya nemi izini ya shiga ɗakin. Na leƙa na gan shi tsaye tsakanin kujeru, hularsa a hannu, yana kallon farin bango babu komai a kai, ɗalibai suna share gugguru a gefen ƙafarsa. Bai daɗe ba ya fito.

Maazou ya bi kowa yana roƙo a sake nunawa, ko bayan an tashi ne, shi zai ɗauki nauyi. Ashe fim ɗin tsohon a faifai yake, na'urar haska shi kuma aro ce ta yini ɗaya, mai ita har ya naɗe wayoyinsa ya kama hanyar wani gari inda ake jiransa. Sauran fina-finan duk na naɗi ne irin na da, injinsu daban, ba ya ɗaukar faifai. Jirgin Baba Fintan kuma da safe ne, tikitin mai araha wanda ba a sauya masa rana. Aikin gama ya gama.

Maazou ne ya kai shi filin jirgi washegari. Ya ce tun daga otal yake ba da haƙuri, da Turanci, da Faransanci, har da Hausa da ya rasa kalma. Tsohon ya dafa kafaɗarsa.

"Shayin ya yi daɗi, ɗana. Da Bridie ce, haka za ta yi. Ba ta taɓa barin mutum ya fita gidanta da ƙishi ba."

Wannan yafiyar ita ta fi komai yi wa Maazou nauyi. Wanda ya zage ka ya rage maka kaya, amma wanda ka cuta ya sa maka albarka ya bar ka da abinka ke nan.

Mu kuwa muka taru muna ba shi baki. Zabeirou ya ce ƙaddara ce, kuma laifin Nasara ne da ba su san girman tsoho ba. Ni ma ranar har na yi ta masifa, ina cewa wane irin mutane ne da agogo ya fi musu mutum. Maazou ya bari muka gama.

Ya ce, "Ku bar wanga zance. Mutumen nan ya tambaye ni. Sau guda ya tambaya, ni ko na ba shi amsa baki cike, kamar ni na gina gidan silimar. Ban sani ba, kuma ban ce ban sani ba. Laihina ne, kar ku raba mini shi."

Ya daɗe bai hura gawayi ba, har Tchima ta fara damuwa, ta ce gidan ya zama kamar na haya. Mun ɗauka zai bar hidimar bikin saboda kunya. Bai bari ba. Maris na zagayowa ya je ya tsaya gaban Misis Pegram ya ce in za su sake yarda da shi, ga shi. Ta yarda. Daga nan aka samu Maazoun da kuka sani. Yakan ajiye baƙo a gidan silima tun masu shara ba su zo ba, baƙon ya zauna yana hamma. Abin ya bi shi har cikin harkokinmu, suna, ɗaurin aure, rakiyar asibiti, kullum shi ne na farko.

Kuma ya sa wa kwamitin bikin naci. Duk shekara maganarsa ɗaya, a sake nuna fim ɗin, a sake gayyato tsohon, shi zai yi obataim, wato ƙarin awoyin aiki, ya ɗauki nauyin jirgi. Su kuma suna da doka, ba sa maimaita fim, don wuri kaɗan ne, masu nema da yawa. Shekara ta farko suka ce a'a. Ta biyu suka ce za su duba. Likitan haƙorin nan har ya fara sauya hanya in ya hango shi. Sai a 2007 Misis Pegram ta buga tebur a taronsu ta ce doka su suka yi ta, su za su karya ta.

Ita ta buga waya Ireland, Maazou yana tsaye kusa da ita. Jikar ce ta ɗauka. Ta ce kakan nata yana raye, yana cin abinci, yana ba'a kamar kullum. Sai dai ciwon sukari ya taɓa idonsa tun bara, yanzu ko hannunsa ba ya gani, likita kuma ya hana shi doguwar tafiya. Ta je ta gaya masa, ta dawo da saƙo. Ya ce a nuna, kar a fasa. Ya ce mutumin nan mai shayi ya zauna ya kalla masa, in an gama ya kira shi.

Sai a ranar na gane Maazou bai taɓa kallon fim ɗin ba. Akwai faifan a wurin Misis Pegram, ta sha ce masa ya ɗauka, yana ƙi. Ya ce ba zai kalla ba sai da mai shi a gefensa.

Ranar da za a nuna, muka je, ni da Tchima da shi, ba shadda ba ɗauri. Muka zauna a layin tsakiya. Aka kashe fitila, sai ga ta. Ta buɗe ƙofar wani ɗan farin gida tana goge hannu a jikin rigarta, amarya ɗanya sharaf, gashinta yana tashi a iska. Muna kallo ta yi ciki, ta yi goyo, ta yi jiki, ta yi furfura. Inda ta jefo tsumman nan, ɗakin ya fashe da dariya, har da ni. Na juya na ga Maazou bai yi dariya ba, ko ƙiftawa ba ya son yi, kamar wanda aka aika ya haddace saƙo. A ƙarshe ta sake tsayawa a ƙofar nan, tsohuwa, da butar shayi a hannu, tana yafito mai kyamara ya shigo.

Ana kunna fitila ya fita bakin titi. Ya ciro katin waya irin wanda muke kiran gida da shi, Tchima ta karanta masa lambobin. Ya buɗe muryar wayar don mu ji. Tsohon bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Bai tambayi yawan mutane ba, bai tambayi tafi ba.

"Ka gan ta?"

"Na gan ta, Baba."

"Ta cika ƙofar?"

"Ta cika ƙofar, Baba. Ta cika bangon gaba ɗaya."

Can muka ji ya ja numfashi ya ce, "Ai na gaya maka." Ya yi godiya, ya ce a gai da mai dambu, ya ajiye.

Maazou ya zauna a gefen titi da wayar a hannu. Tchima, wadda take kiransa da sunan 'yarsu, ta ce, "Baban Yasmina, to ai ka sauke nauyi, ka ji ya ji daɗi."

Ya girgiza kai. "Wane nauyi na sauke? Matar mutum ce, Tchima. Shi ya zauna da ita, shi ya rufe ta, shi ya taho daga wata duniya don ya gan ta. Ni da ban san ta ba, ni na gan ta."

Gaskiya kuwa ya faɗa.

Ya koma dafa shayi, kuma har yanzu babu mai kumfarsa a garin nan. Amma in ka je gidansa, kafin ya taɓa gawayi sai ya tambaye ka ko akwai inda ake jiranka. In ka ce babu, sai ya dube ka da kyau ya sake tambaya.